Rakiyar Karen Baba

Karen ba nawa ba ne, na Baba ne. Wannan maganar na yi ta maimaita wa mutanen unguwarmu a Magaria, kamar dai faɗin haka zai rage masa ƙarfin murya. Jan kare ne siriri mai farin wuya, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Shekara da shekaru yana bin Baba a ƙauyenmu da ke bayan Yekuwa, daga gona zuwa rijiya, har hanyar masallaci, inda yake tsayawa can nesa ya jira a idar da salla.

Da Baba ya rasu a ƙarshen damina sai karen ya shiga kuka, irin kukan nan mai ja da mutane ke cewa kare ya hango abin da ɗan Adam bai hango ba. Baffannina suka ce a ba mafarauta shi, ko a kai shi daji a baro. Ni kuwa tun ina ƙarami an san ni da saurin hawa. Na ce karen da ya ci tuwo daga hannun ubana ba za a yar da shi kamar tsohon takalmi ba. Na sa shi a babban kwando, na ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, na taho da shi gari ban ko tsaya tunanin inda zan ajiye shi ba.

Gidan da nake haya ɗan ƙarami ne, manne da na masu shi, katangar ƙasa ɗaya ta raba mu. Hajiya mai gidan man gyaɗa take yi da ƙuliƙuli, mace ce mai faɗa amma ba ta da mugunta. Mijinta Alhaji ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Ni malamin lekol ne, makarantar boko, shi ya sa duk unguwar Mushe ake ce mini, wato malam a bakin masu Faransanci, har tsofaffin da suka yi jika da ni.

Da farko komai lafiya lau. Matata tana gida kullum, ta ware masa kaskonsa, ta kafa masa doka kada ya kusanci randa ko tabarmar salla, ya kuwa kiyaye. Sai cikinta ya tsufa, kuma na fari ne, iyayenta suka zo suka tafi da ita Sassumbrum, can za ta haihu ta yi wanka. Ranar Litinin na tashi, na zuba masa ruwa, na ja ƙyauren ƙarfe na datse da kwaɗo, na tayar da moto na tafi lekol hankalina kwance.

Da azahar da na dawo, tun daga bakin famfo na ga ana kallona. Mai shayi ya ce, “Mushe, yau ka sha addu'a.” Ban gane ba sai da na kashe moto na ji shi. Wallahi karen ne yake ta kuka. Ashe tun fitata yake abu ɗaya, bai ko tsaya shan ruwa ba. Ina buɗe ƙofa ya yi tsit, ya zo yana kaɗa bindi kamar ba shi ba.

Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba. Hajiya ta daure har ranar Juma'a, sannan ta tare ni a ƙofa, hannunta duk mai, mayafinta a karkace.

Ta ce, “Mushe, ni ban hana ka kiwon kare ba, ko da yake ban taɓa ganin malami da kare ba sai a kanka. Amma ina da majinyaci a ɗaki. Ka san abin da ake faɗa a kan irin wannan kuka. Mata sun fara shigo mini suna leƙen ɗakin Alhaji, suna tambaya ko jikin ne ya tashi.”

Na ce, “Hajiya ku yi haƙuri, camfi ne kawai.”

Ta ce, “To camfin ya hana ni cin abinci. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa. In bai daina ba, ko dai ya bar gidan nan, ko ku bar shi tare.”

Na shiga gida ina huci, na dubi karen na ce masa, “Ka ji abin da ka jawo mana.” Ya karkata kai yana dubana da wannan kunnen nasa a kwance. Na san in na mayar da shi ƙauye ba zai kwana biyu ba za a miƙa shi ga mafarauta, kuma tsohon kare irinsa, da bai taɓa bin zomo ba, ba su da abin yi da shi. Na kuma san ba wanda zai ba ni haya a garin nan da kare mai wannan suna.

To ni dai mai karatu ne, sai na shiga dabaru. Na je wurin mahauci na samo ƙasusuwa cike da leda, na zube masa. Bai taɓa su ba sai da na dawo. Na bar masa rediyo a kunne, mai shayi ya ce ai abin ya zama biyu, rediyo na labarai kare na amshi. Daga nan na tuna yadda mata ke yi wa yaron da ake yaye, su ɗauke masa hankali su sulale. Na ce yauwa, ga magani. Ranar Litinin na jira ya zagaya bayan ɗaki, na cire takalmi na riƙe a hannu, na tura moto waje a hankali ban tayar ba, na rufe ƙyaure kamar mai rufe bakin tulu. Na tura moton nan har bayan kantin tela ina gumi, ina yaba wa kaina wayo. Ban gama sa takalmi ba na jiyo shi.

Ranar Talata abin ya fi haka muni. Ya gane cewa ni mutum ne mai ɓacewa, sai ya daina barin ƙafata, ko bayi na shiga yana bakin ƙofa. Da na samu na sulale, na dawo na tarar ya kankare ƙasan ƙyauren har ƙafafunsa na gaba sun yi jini. Direkte, shugaban lekol ɗinmu, kuma ya kira ni ofis a kan latti. Na zauna a tsakar gida ina wanke masa ƙafa da ruwan gishiri, raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar Baba ta kama ni.

Laraba ba mu da kilas, wato aji, da yamma. Ana tashi na sa shi a kwando, na nufi ƙauye da niyyar in roƙi wani mafarauci ɗan ƙanen Baba ya riƙe shi ko don zumunci. A hanya ina ta yi masa faɗa, shi kuwa ya fitar da kai yana shan iska, gonakin gero da aka girbe suna wucewa, rumbuna sun cika, jakuna na jan amalanke shaƙe da harawar wake.

Innata tana cikin takaba a lokacin. Na same ta zaune a tabarma a inuwar ɗaki tana jan carbi. Karen ya dira daga kwando ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Baba ya kwanta. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma dogon zance da ni. Amma ranar, da na gama zayyana mata wahalata, har da cire takalmi, sai na ga ta kawar da kai tana danne dariya da bakin mayafi. Rabona da ganin haƙorinta tun kafin rasuwar.

Ta ce, “Kai yanzu a gidanka kake fita kamar ɓarawo?”

Na ce, “Inna to yaya zan yi? In ya ga fitata ai abin sai ya fi haka.”

Ta ce, “Kai da ka yi karatu. Ka taɓa ganin mahaifinka ya fita gidan nan bai yi sallama ba? Ko kaza ce a tsakar gida sai ya ce mata ya tafi.”

Sannan ta ba ni labarin abin da ban sani ba, don tun ina koleji na bar ƙauye, karen kuwa bayana aka samo shi. Ta ce gona dai tare suke zuwa. Amma ranar kasuwa, ko in zai je jana'iza ko ɗaurin aure wani gari, Baba ba ya tafiya da shi. Ba ya kuma ɗaure shi. Yakan bar shi ya yi masa rakiya kamar yadda ake raka baƙo, su jera har gindin gawon nan na bakin rijiya. A nan Baba zai tsaya, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce, “Rakiya ta isa, na gode. Koma ka riƙe mini gida.” Karen ya juya ya dawo, ya kwanta a zaure, ba za ka ji bakinsa ba sai in baƙo ya zo.

Na ce, “Shi ke nan?”

Ta ce, “Shi ke nan. Wanda aka ba amanar gida ai ba ya kuka. Wanda aka gudu aka bari shi ke yi.” Ta ja carbi, sannan ta ce, “Ranar da aka ɗauki mahaifinku ne kawai bai raka shi ba. An ɗaure shi a turken awaki.”

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, kuma ba ta ce wane ne ya ɗaure shi ba. Ni ne. Ranar ana shirin fita da makara ya yi ta kutsawa tsakanin ƙafafun mutane, wani dattijo ya ce a kawar da kare, na ja shi da ƙarfi na ɗaure da igiyar akuya, har na kai masa duka da ya yi gardama. Muna tafiya maƙabarta ina jin muryarsa a bayanmu. Ban sake tuna wannan ba sai a kan tabarmar Inna, kuma abin ya soke ni ƙwarai.

Na tashi na shiga ɗakin Baba, na ɗauko sandarsa a bayan ƙyaure, ta icen geza ce, wurin riƙon ya yi sumul. Karen na ganin sandar ya miƙe tsaye, kunnen nan da ke kwance ma sai da ya motsa. Na ce, “Inna na tafi.” Ta ce, “A dawo lafiya.” Na fita a ƙafa, ya bi ni, ba a baya ba, kafaɗa da kafaɗa, yana tafiya da wata irin isa da ban taɓa ganinsa da ita a gari ba.

Muka kai gindin gawo. Mata biyu na jan ruwa a rijiya, suka tsaya kallo. Na ja layi a ƙasa, na ce, “Rakiya ta isa, na gode. Koma ka riƙe mini gida.” Ya dubi layin, ya dube ni, ya juya. Ya tafi da ɗan gudu, bai waiwaya ba, har ya shige zaurenmu.

Jama'a, ni da nake tsayawa gaban yara ina hana su tsalle a kilas, sai ga ni ina tsalle a bakin rijiya da sanda a sama. Na ce da matan, “Kun gani? Kun ga ya koma?” Ɗayar ta ce, “To da ina zai je? Ai kullum haka yake yi.” Sai a lokacin na tuna moto na gida, kwando na gida, karen da zan tafi da shi ma na aika shi gida. Na dawo ina dariya ni kaɗai. Ya tare ni a zaure yana mamakin wannan tafiya da ba ta daɗe ba. Maganar mafarauci ko tayar da ita ban yi ba, na ɗaure sandar a jikin moto muka kamo hanyar Magaria tun rana ba ta faɗi ba.

Alhamis da safe na tashi da rawar jiki. A ƙarshen layinmu akwai itacen bedi kusa da famfo, wanda dangin matata na Kano ke ce wa darbejiya, na ce ga gawonmu. Na kulle gida, na tura moto da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, kare a gefena. Na ja layi, na faɗi maganar, ya juya ya koma. Na ɗaga wa mai shayi gira. Ina ɗora ƙafa a kan moto sai kuka ya tashi, wannan karon a tsakiyar titi, daidai tagar Alhaji. Na manta cewa zauren ƙauye ba ya da ƙyaure. Na aika shi ya riƙe gida, na kuma kulle gidan da kwaɗo, makulli na aljihuna. Kai, ranar na zagi kaina. Na koma na tura shi ciki, na rufe, na tafi lekol a makare, ya kuwa yi ta yi har azahar.

A ƙasan katangata ta waje akwai rariya, inda ruwan wanki ke fita. In aka faɗaɗa ta kaɗan zai iya shiga da fita. Amma katangar ta Hajiya ce, kuma saura kwana ɗaya. Na yi sallama na shiga wurinta, na tarar tana murza tunkuzar gyaɗa. Na durƙusa na kwashe labari tun daga gawo har bedi, ina yi ina nunawa da hannu.

Ta ce, “Wato bayan kukan, yanzu katangata zan ba ka ka fasa saboda kare. Mushe, anya karatun nan bai yi maka yawa ba?”

Sai muka ji murya daga ɗaki, a hankali, kalmomin na fita da ƙyar. Alhaji ne. Ya ce in shigo. Na shiga na gaishe shi. Ya rame, amma idonsa tar. Ashe duk ya ji.

Ya ce, “Hajiya, bar shi ya fasa. Mai zuwa ɗaukata ba ya aiko kare.” Ya huta, ya ja numfashi. “Ni na san abin da ke damun dabbar nan. Ni ma nan kowa sulalewa yake, wai kada a tashe ni. Sai in buɗe ido in ji gida shiru, ban san wa ya fita ba, ban san yaushe zai dawo ba. Da ina da muryarsa da kun ji ni.”

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa. Can ta juya, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, “Kada ka wuce kamu biyu. Kuma maganar Juma'a tana nan.”

Ana tashi lekol da yamma na aro diga wurin magini, na tuɓe riga na hau aiki. Na faɗaɗa rariyar, na shafe gefenta da laka. Koya masa shiga kuwa wani wasan ne. Na bar shi a waje, na kwanta rub da ciki a tsakar gida, fuskata a bakin rami, ina kiransa da guntun ƙuliƙuli. Ya leƙo, muka yi ido huɗu, ya ja da baya. Mai shayi na waje yana ba ni rahoto yana shaƙewa da dariya. A karo na huɗu ya kutso, ya bi ta kaina ya wuce. Na sa ya yi ta maimaitawa har aka kira magariba, wandona duk laka, ni kuwa murna kamar an yi mini albishir da haihuwa.

Juma'a ta zo. Na yi wanka, na sa farar riga, na zuba masa ruwa a kasko. Na tsaya a tsakar gida na ce da ƙarfi, “To, na tafi.” Na buɗe ƙyaure muka fita tare, na datse kwaɗo a gabansa yana kallo. Hajiya na ƙofar gidanta ta harɗe hannu. Tela ya fito da almakashi a hannunsa. Masu jiran layi a famfo duk suka juyo. Na bi ta gaban tagar Alhaji, na ce, “Alhaji, ni ne Mushe, zan tafi lekol, sai azahar.” Na ji ya amsa daga ciki, “A dawo lafiya.”

Muka kai gindin bedi. Na kafe moto, na ja layi da sandar Baba. Da na buɗe baki sai na ji maganar ta fito da irin jan da Baba ke yi wa kalma, ban shirya hakan ba. Na ce, “Rakiya ta isa, na gode. Koma ka riƙe mini gida.” Bai juya nan da nan ba. Ya tsaya yana dubana, ya daɗe. Na sunkuya na ce masa a hankali, yadda ba wanda zai ji, “Ka yafe mini igiyar nan.”

Ya juya. Ya bi gefen katanga da ɗan gudunsa, ya wuce Hajiya bai ko kalle ta ba, ya sunkuyar da kai ya shige rariya, bindinsa ne ƙarshen abin da na gani. Muka tsaya muna saurare, duk layin. Ba a jin komai sai ruwa na zuba a jarka. Mai shayi ya ɗaga ludayi zai yi magana, tela ya ce masa ya yi shiru. Na tayar da moto, na ƙara jira, shiru. Na tafi lekol ina share ido da hannun farar rigata, ina kuma dariya, yara suka yi ta kallona a kilas.

Da azahar na dawo da gudu kamar zan tashi sama. Na tarar da Hajiya a ƙofarta da mayafi, za ta kai mai kasuwa. Na kashe moto na tsaya ina jiran hukunci.

Ta ce, “Mutum ɗaya ya taɓa ƙyaurenka, mai tallar itace, ya yi masa haushi biyu. Ban da wannan ban ji bakinsa ba.” Ta gyara gallan a kanta. “Ya zauna. Amma ka gyara lakar nan, ta yi muni.”

Na rasa bakin godiya, sai sannu nake ta jera mata. Ta yi taku biyu za ta wuce, sai ta tsaya. Ta juya ta koma ƙofar gidanta, ta leƙa kai ciki, ta ɗaga murya.

“Alhaji, na tafi kasuwa. La'asar zan dawo. Ka riƙe mini gida.”